Cizon kare gaban shari'a: daga dokar pitbul zuwa aya ta 1385

Ranar 16 ga watan Nuwamba na shekarar 2019 aka tsinci gawar wata mata mai juna biyu, ƴar shekara 29, cikin dajin Retz da ke arewacin ƙasar Faransa, jikinta duk raunin cizon kare. Da farko zargi ya faɗa kan karnukan wasu mafarauta da suka ratsa dajin a wannan rana. Sai bayan kusan shekara guda, da aka gwada ƙwayoyin halittar karnuka fiye da 60, masu bincike suka nuna karen da ita kanta ta fita yawo da shi, wanda na abokin zamanta ne. Karen jinsin pitbul ne, an shigo da shi daga Holan, alhali dokar Faransa ta hana shigo da irinsa tun shekaru ashirin kafin nan. A shekarar 2021 aka tuhumi mai karen da laifin kisa ba da niyya ba.

Wannan jinsi na kare ya samo asali ne daga Ingila cikin ƙarni na 19, inda aka riƙa haɗa barbara tsakanin karnukan da ake sa wa su yi kokawa da bijimi da wasu ƙanana masu zafin nama. Da majalisar ƙasar ta haramta wasan bijimin a 1835, sai masu caca suka koma haɗa karnuka faɗa da junansu cikin rami, kuma daga ramin nan ne sunan ya fito. Baƙin haure suka ƙetare da shi Amurka. Zancen da ake yaɗawa cewa muƙamuƙinsa yana kullewa in ya kama, likitocin dabbobi sun ƙaryata shi. Abin da ke akwai shi ne ƙarfi da naci: kare ne da aka yi zuriya bayan zuriya ana zaɓen wanda ba ya saki ko da ya ji ciwo. Wani bincike da masanan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka wallafa a 2000 ya duba mutuwar mutane 238 tsakanin 1979 da 1998, ya tarar pitbul da rotwaila suna da hannu cikin fiye da rabi.

Ingila ta kafa dokar karnuka masu hatsari a 1991, bayan wasu hare-hare da suka tayar da hankalin jama'a, ta haramta jinsi huɗu har da pitbul. Faransa ta bi sahu da dokar 6 ga watan Janairu 1999, wadda ta kasa irin waɗannan karnuka gida biyu. Na rukunin farko, inda pitbul yake, an hana saye da sayarwa da kyauta da shigo da su, an wajabta dandaƙe waɗanda ke akwai, wanda ya saɓa kuwa yana iya shan ɗaurin wata 6 da tarar yuro 15.000, wato kusan miliyan 10 na kuɗin Sefa. Na rukuni na biyu, kamar rotwaila, an yarda a ajiye su, amma ba su fita sai da takunkumi a baki da igiya hannun baligi. A 2008 aka ƙara tsanantawa: sai da takardar izini daga magajin gari, kuma wanda karensa ya kashe mutum yana fuskantar ɗaurin shekara 5, har zuwa 10 in laifin ya yi nauyi.

To sai dai ba kowa ya gamsu da wannan hanya ba. Holan ta haramta pitbul a 1993, ta soke haramcin a 2008 saboda ba ta ga cizo ya ragu ba. Birnin Denba na Amurka, wanda ya hana shi tun 1989, ya sassauta a 2020 ta hanyar ƙuri'ar jama'a. Ingila kuma, da masu kiwo suka ɓullo da wani ƙaton jinsi mai suna XL Bully da tsohuwar doka ba ta ambata ba, sai da ta ƙara shi cikin jerin, haramcin ya fara aiki a farkon 2024. Masu sukar waɗannan dokoki suna cewa ana hukunta kamannin kare ne, ana barin mai shi.

Duk wannan hayaniya ba ta biya wa wanda aka ciza kuɗin allura ko guda. Dokar hana jinsi magana ce tsakanin gwamnati da mai kare. Haƙƙin wanda aka ji wa rauni yana wani wuri daban, cikin wata tsohuwar aya mai layi uku ta kundin dokokin farar hula da aka rubuta zamanin Napoleyon a 1804, wato aya ta 1385. A Faransa an sauya mata lamba a 2016 ta koma 1243 ba tare da an taɓa ma'anarta ba. Nijar, wadda ta gaji wannan kundi lokacin samun ƴancin kai a 1960, tana da ayar da lambarta ta asali, don haka abin da ke cikinta ya shafi mai kare na Maraɗi ko Damagaram kamar yadda ya shafi na Paris.

Abin da ayar ta tanada shi ne: mai dabba, ko wanda ke amfani da ita lokacin da take hannunsa, shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana ƙarƙashin tsaronsa, ko ta ɓace, ko ta kuɓuce. Ba ta tambayi jinsi ba. Pitbul ɗin da aka sayo da miliyan da karen gida da ke kwana gindin rumbu duk ɗaya suke gabanta, haka ma doki da jaki. A 1885 kotun ƙoli ta Faransa, cikin wata shari'a da ta taso kan ɓarnar alfadari, ta ƙara wa ayar haƙora: ta ce mai dabba ba ya kuɓuta don kawai ya nuna cewa bai yi sakaci ba. Wanda aka ciza ba sai ya tabbatar da laifin mai kare ba. Ya isa ya nuna cewa karen wane ne, kuma shi ya yi raunin. Ƙofar fita ƙunci gare ta: sai in mai karen ya tabbatar da wani abin da ya fi ƙarfin kowa, ko laifin shi wanda aka ciza, kamar wanda ya tsokani karen ko ya hauro katanga da dare.

Akwai abubuwa biyu nan da ya kamata masu manyan gidaje da mangazoji su sani. A fahimtar kotunan Faransa, ma'aikacin da ke kula da dabba da umarnin ubangidansa ba shi ne mai tsaronta ba a idon doka, saboda haka cewa mai gadi ne ya bar ƙofa buɗe ba ta wanke mai gida. Haka nan allon da ake liƙawa a ƙofa mai gargaɗin cewa akwai mugun kare ba ya ɗauke alhaki shi kaɗai, balle ga yaron da bai iya karatu ba.

In aka gwada da Amurka za a ga darajar wannan aya. Can kowace jiha da dokarta. Kalifoniya tana ɗora alhaki kan mai kare kai tsaye, amma Tekzas da Bajiniya suna bin tsohuwar ƙa'idar Ingila da ake wa laƙabi da cizon farko, inda sai wanda aka ciza ya nuna cewa mai karen ya san halinsa, ko ya yi sakaci. Malaman mazhabar Malikiyya ma sun daɗe da magana kan kare mai cizo, inda suka ɗora lamuni kan mai shi in an riga an gargaɗe shi bai kawar da shi ba. Aya ta 1385 ba ta jiran gargaɗi.

Amma hukunci takarda ne, sai an sami aljihun da zai biya. A Amurka kamfanonin asiransi na gidaje suka biya fiye da miliyar 1 na dalar Amurka a 2023 kan raunukan da karnuka suka yi. Faransa ta wajabta asiransi kan masu karnukan rukunonin nan biyu. A Nijar, inda asiransin da jama'a suka fi sani shi ne na mota, diyya daga aljihun mai kare take fitowa, kuma galibin irin wannan rigima tana ƙarewa ne wajen mai unguwa ko fadar sarki, waɗanda doka ta ba ikon sulhu. Sulhu ba laifi ba ne, illarsa gaggawa: ana yafewa ran farko don kunyar maƙwabtaka, kafin a san ko rauni zai ruɓe, ko yatsa zai daina motsi, ko tabon fuskar yarinya zai zauna har girmanta. Diyyar da doka ta sani ta haɗa da kuɗin magani, da kwanakin aikin da aka rasa, da zafin ciwo, da naƙasa in ta samu.

Kafin maganar kotu akwai wadda ta fi ta gaggawa. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59.000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a rayu. Shawarar hukumar ita ce a wanke raunin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a garzaya likita don allurar rigakafi ba tare da jira ba. Kashe karen nan take, kamar yadda ake yi cikin fushi, yana ɓatar da hujja biyu lokaci guda: ba a san lafiyarsa ba, kuma mai shi yana iya musun cewa nasa ne. A Faransa doka ta ce a tsare kare mai cizo kwana 15, likitan dabbobi ya duba shi sau 3.

Ita kuwa shari'a da takardu take tafiya: takardar likita mai bayanin rauni da kwanakin hutun da aka yanke, rasit ɗin kowane magani, hoton raunin tun yana ɗanye, sunayen shaidun da suka ga karen, da ƙarar da aka shigar kwamisariya ko jandarmeri. In mai gabatar da ƙara ya gurfanar da mai karen kan jin rauni ta hanyar sakaci, wanda aka ciza yana iya neman diyyarsa cikin wannan shari'a ɗaya, ba sai ya buɗe wata daban ba.