Busasshen Tsumma, Omo da Tiyo: Kula da Fenti da Injin Mota a Gida

Fentin motar zamani hawa huɗu ne a kan ƙarfe. Na ƙasa yana hana tsatsa, na biyu yana daidaita fuskar ƙarfen, na uku shi ne launi, na sama kuma garau yake, ba shi da launi ko kaɗan, shi ne masu fenti ke kira kiliya. Tun cikin shekarun 1980 wannan tsari ya zama ruwan dare a masana'antun mota. In aka haɗa hawa huɗun, kaurinsu yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 150, kusan kaurin fallen takarda guda, rabon kiliya a ciki kuwa bai cika wuce 50 ba. Duk sheƙin da ido ke gani a jikin mota na wannan siririn hawa ne, kuma a cikinsa aka zuba sinadarin da ke tare wa launi zafin hasken rana. Abin da aka kankare daga jikinsa ya tafi ke nan, sai dai a kai wa mai fenti.

Babu abin da ke cin kiliya a ƙasar Hausa kamar busasshen tsumma. Da hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, kowace safiya ƙura ta lulluɓe mota, sai direba ko yaron gida ya ɗauko tsohuwar singileti ko tawul, ya kaɗe, ya goge bonet da ƙofofi kafin mai gida ya fito. Ana ma ɗaukar wannan a matsayin tsabta da kula. Hujjar masu yi ita ce ƙurar hunturu gari ce mai laushi, ba ta da ƙarfin da za ta yi wa fenti komai.

Laushin a yatsa ne kawai. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe Kano, Zinder da Maiduguri yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, iska kuma ta ƙaro masa rairayin hamada da ƙurar titi a hanya. A cikinsa akwai ma'adinin kwaz, wanda shi ne asalin yashi. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa 1 zuwa 10, kwaz yana kan 7, gilashin taga kuwa yana wajen 5.5. Ƙwayar da za ta iya karce gilashi, ina ga kiliya, wadda dangin roba ce? Ƙanƙantar ƙwayar ba ta rage mata tauri ba, girman karcen kawai ta rage. Idan tsumma ya danne dubban irin waɗannan ƙwayoyi ya ja su a kan bonet, kowace sai ta bar layinta.

Mai musu zai ce shekara da shekaru ana goge motarsa haka, bai ga komai ba. Bai duba inda ya kamata ba ne. A tsayar da motar a rana tsaka, ko ƙarƙashin fitilar gidan mai da dare, a kalli bonet ta gefe: za a ga zobba-zobba na siraran layuka sun kewaye hasken. Kowane layi yana warwatsa haske maimakon ya mayar da shi kai tsaye, shi ya sa baƙar mota ke komawa toka-toka, shuɗiya ta yi fari-fari, mai ita yana ɗora wa rana laifi. Rana tana da nata kason, amma sai an rage mata kaurin kiliya take samun shiga da wuri. Daga nan sai rufin mota da bonet su fara furfura, kiliyar ta riƙa ɓarewa, kuma a wannan mataki babu man gogewar da zai yi magani. Farar mota da mai ruwan azurfa suna ɓoye karcen, ba wai ba ya samunsu ba ne.

Wani kuma zai ce ruwa na da tsada, ba kowa ke iya sayen jarka biyu kullum don mota ba. Gaskiya ne, amma ba wanda ya wajabta wanke mota kullum. Ƙurar da ke kwance a kan fenti, ba a taɓa ta ba, ba ta karce komai. Motar da ta yi kwana biyar da ƙurarta sannan aka wanke ta da ruwa ta fi wadda ake gogewa a bushe kowace safiya lafiya nesa ba kusa ba. Abin takaici, kunyar fita da mota mai ƙura ce ke sa mutum ya lalata fentin motarsa mai tsada da hannunsa, don kada maƙwabci ya ce masa ƙazami. Wanda dole ne ya fita, ya wanke gilasai, madubai da fitilu da ruwa, ya bar jikin. Yaran da ke rubuta suna da yatsa a jikin mota mai ƙura su ma a hana su, don rubutun yakan zauna bayan an wanke. Haka ma tamfol: in aka lulluɓa shi a kan mota mai ƙura, iska ta yi ta kaɗa shi dare guda, aikin tsumman yake yi.

Abokin tafiyar busasshen tsumma shi ne omo. An haɗa garin sabulun wanki ne don ya cire maiƙo daga tufafi, saboda haka yana ɗauke da sinadarin alkali dangin kanwa, ma'auninsa na pH yana kai 10 ko fiye, alhali sabulun mota na ruwa yana wajen 7. Wanki ɗaya da omo ba zai narkar da fenti ba, amma yana wanke wakis ɗin da ke kare shi, yana busar da robobin ƙofa da na gilashi har su tsattsage, yana mayar da baƙaƙen robobin bamba fari. Ƙwayoyin da ba su narke ba kuma suna gogar fenti, in kumfar ta bushe a rana ta bar zane. Sabulun wanke-wanke na ruwa shi ma yana cire wakis. Soson buhu da soson wanka ba su da wuri a jikin mota.

Wanki mai kyau a inuwa ake yinsa, da sassafe ko da yamma, lokacin da tafin hannu zai iya zama a kan bonet. A bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Yamai, jikin baƙar motar da ke rana yakan kai digiri 70, ruwa na sauka yana ƙafewa, ya bar gishirinsa. Ana farawa da kwarara ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa, ba tare da an sa hannu ba, har yawancin ƙurar ta gangara. Sannan a tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Duk sanda aka wanke ƙofa ɗaya ko rabin bonet, a ɗauraye tsumman a na biyun kafin a mayar da shi na sabulu, don yashi ya zauna a can. Tsumman maikirofaiba ya fi kowane, domin gashinsa yana ɗauke ƙwayar yashi daga fuskar fenti. A ja shi a miƙe, kar a danna, a bi daga sama zuwa ƙasa, tunda ƙasan ƙofofi ne matattarar laka. Tayoyi da rim su sami nasu tsumman da nasu bokitin, saboda ƙurar birki tana da ɓarɓashin ƙarfe. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar, ko da kuwa an kaɗe shi. Bayan ɗauraya a tsane ruwan nan take da wani busasshen maikirofaiba mai tsabta, musamman in ruwan burtsatse ne ko na rijiya, don wasu suna da ma'adinai masu barin ɗigo-ɗigon fari da ke cin kiliya. Da damina a riƙa zura tiyo cikin kogon tayoyi da ƙarƙashin mota. Laka mai riƙe danshi ce mafarin tsatsa, balle a motocin da aka shigo da su daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Akwai dattin da ba ya jiran ranar wanki. Kashin tsuntsu da na jemage suna da asid, in rana ta gasa su a kan fenti suna iya barin tabo cikin yini guda. A ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai na 'yan mintoci har ya yi laushi, sannan a ɗauke, kar a kankare. Mai neman inuwar darbejiya ko mangwaro ya san da wannan, da kuma ƙaron da ke ɗiga. Man birki yana cin fenti cikin ɗan lokaci, in ya zuba a bi shi da ruwa mai yawa nan take. Fetur ɗin da ya tsiyaya a bakin tanki a ɗauraye shi. Ɗigon kwalta yana fita da ɗan kananzir a bakin tsumma, a wanke wurin da sabulu daga baya.

Wakis da foli ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ana yawan gwama su. Wakis ƙari ne a kan kiliya, shi ke karɓar rana da datti a madadinta. Ana shafa shi siriri a kan wankakkiyar mota, a bari ya yi dishi-dishi, a goge, duk wata biyu ko uku. Alamar yana nan ita ce ruwa ya riƙa dunƙulewa yana gangarewa. In ya shimfiɗe ya kwanta, lokacin sakewa ya yi. Foli kuwa ragewa yake yi: yana kankare saman kiliya har ya sauko daidai da zurfin karce. Motar takan fito tana walƙiya, shi ya sa wasu ke kai ta duk sallah, ba su san kowane zuwa yana cin wasu maikiron daga 50 ɗin nan ba.

A ƙarƙashin bonet kuma tiyo mai ƙarfi ne matsalar. Injin feshin wuraren wanki yana tura ruwa da ƙarfin da ya haura bar 100 a ma'aunin matsi. An yi soket-soket na wayoyin mota su jure ruwan sama da fantsamar titi, ba irin wannan ba. Ruwa yana kutsawa ramin fulogi, cikin altaneta, akwatin fiyus, da ƙwaƙwalwar mota in tana ɗakin injin. Wani lokaci motar ta ƙi tashi nan take, wani lokaci ta tashi lafiya, sai bayan makonni bakin wayoyin ya yi kore, fitilar injin ta kunnu a dashbod, rewaya ya yi ta lalube. In ruwa mai yawa ya bi ta bututun shaƙar iska ya shiga silinda, ba ya matsuwa kamar iska, yana iya lanƙwasa konrod. Feshin ruwan sanyi a kan injin da ya zo daga tafiya, yana wajen digiri 90, tushen salansarsa kuma ɗaruruwan digiri, yana iya tsaga ƙarfe.

Wanke inji da fetur ganganci ne da rai. Fetur yana fitar da tururin da ke kama wuta ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa. Gas da kananzir ba su kai shi saurin kamawa ba, amma dukansu suna kumbura robar fanbel da tiyon lagireto. Shafa baƙin mai ko gas don inji ya yi ƙyalli kuwa gayyatar ƙura ce. Mai sayen motar hannu ya kula: injin da ke sheƙi fiye da kima wataƙila an wanke shi ne don a ɓoye yoyo.

Tsabtace ɗakin inji a gida sau biyu a shekara ya wadatar, bayan hunturu da bayan damina. A bar inji ya huce sarai. A cire kan batir mai alamar ragewa tukuna, tare da sanin cewa wasu motocin za su manta saitin rediyo da agogo. A tsince ganyaye da tarkacen da suka taru a gindin gilashin gaba, domin su ke toshe magudanar ruwa, su kuma ke jawo ɓeraye masu cin waya. A share ƙura da busasshen buroshin fenti. A ɗaure leda a kan altaneta, akwatin fiyus, koyil da bakin shaƙar iska. Inda maiƙo ya taru a fesa maganin cire maiƙo mai haɗin ruwa, a ba shi mintoci kaɗan, a goge da buroshi, a ɗauraye da ruwan buta ko jiƙaƙƙen tsumma. Farin garin da ke taruwa a kan batir yana tafiya da cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, a kiyaye ido da hannu, kar kuma ruwan ya shiga cikin batirin. In ya bushe a shafa ɗan giris. Haƙarƙarin lagireto da na na'urar sanyi a wanke su da ruwa mai taushi, don ƙura da ƙwarin da ke toshe su suna sa inji zafi, kuma saurin lanƙwashewa gare su. Daga nan a cire ledojin, a bar bonet a buɗe ya sha iska, a mayar da kan batir, a tada inji na minti goma. Kwana biyu bayan haka a sake leƙawa, yanzu duk sabon jiƙon mai ko ruwa zai nuna daidai inda yake fitowa.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, suna da wayoyi masu ruwan lemo da ke ɗauke da wuta sama da bolt 200. Waɗannan ba a zuba musu ruwa, ba a cire su a gida. A goge robobin da ke nesa da su da tsumma mai ɗan danshi, sauran aikin a bar wa makaniken da ya san irin motar.