Canki-cankar tseren keke na Faransa: abin da ya kamata ku sani

Kowa a garin Waca ya san yadda gardamar kokawa take. Da an ce an kusa buɗe gasar takobin ƙasa, wadda ake yi a Nijar tun 1975, sai fada-fada su ɗau zafi. Wannan ya ce bana ma Issaka Issaka na Dosso ne, wancan ya ce sai dai a nemi takobi a Maraɗi ko Tawa, ɗan gida kuwa ya kafe kan 'yan Damagaram ko da zuciyarsa na gaya masa wani abu dabam. Ana yi ana zuba shayi, ba a sa ko dala, wanda maganarsa ta fito ya samu abin tsokanar abokai har wata shekara.

Irin wannan gardama ce masu son tseren keke suka yi wa ƙa'ida, ta zama gasa. Kafin a tashi babban tsere kowa zai rubuta sunayen waɗanda yake ganin za su yi nasara, a rufe karɓa, daga nan a riƙa ba da maki kullum gwargwadon yadda hasashen mutum ya dace da abin da ya faru a titi. Jaridu na shirya ta, masu shirya tseren da kansu suna da tasu a intanet, abokan aiki ma suna yi tsakaninsu da biro da takarda.

Tseren da aka fi yi wa haka shi ne Tour de France. Wata jaridar wasanni mai suna L'Auto ce ta ƙirƙiro shi a 1903 don ta ƙara kasuwa. A watan Yuli ake yinsa, mako uku, zango 21 da kwana biyu na hutu, jimillar tafiya tsakanin kilomita 3,300 da 3,500. Zango ɗaya yakan kai kilomita 150 zuwa 200, wato kusan a tashi daga Damagaram a je Magarya a dawo, gobe kuma a sake. A 2025 ƙungiyoyi 23 suka shiga, kowace da mutum takwas. Wanda ya ci yakan tafi da yuro 500,000, kusan miliyan 328 na sefa, wanda bisa al'ada ake rabawa da 'yan ƙungiya. Lokacin ma ya yi wa ɗan karkara daidai: tsakiyar damina ce, amma zango yakan ƙare wajen ƙarfe huɗu da rabi agogon Nijar, an dawo daga noman gero, an yi la'asar.

Inda sabon shiga yake fara ɓata shi ne nan. A kokawa faɗuwa ɗaya ta raba gardama, wanda ya taɓa ƙasa ya fita daga neman takobi. A tseren zango-zango ba haka ba ne. Lokaci ake tarawa, kamar yadda mai shago ke rubuta bashi a littafi: yau an rubuta maka sakan ashirin, gobe minti ɗaya, ranar ƙarshe a haɗa, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ne zakara. Saboda haka mutum na iya cin zango huɗu ya ƙare a na ɗari da wani abu, wani kuma bai ci ko ɗaya ba ya tafi da tseren. Chris Froome, haifaffen Nairobi mai yi wa Birtaniya tsere, haka ya ci na 2017 ba tare da ya zo na farko a zango ko ɗaya ba. Lissafin kuma yana iya matsewa ƙwarai. A 1989 Ba'amurke Greg LeMond ya doke Bafaranshe Laurent Fignon da sakan 8 kacal, bayan mako uku a kan sirdi.

Mai ƙarancin lokaci shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa, wadda aka fara bayarwa a 1919. Akwai wasu uku. Tsanwa ta mai yawan maki ce, kuma da yake an fi ba wanda ya ci zangon shimfiɗaɗɗiyar hanya maki (a 2025 maki 50 ne, na tsauni kuwa 20), kusan kullum masu gudun ƙarshe ne ke ɗaukarta. Mai ɗigo-ɗigon ja ta gwanin hawan dutse ce, fara kuma ta matashin da bai kai shekara 26 ba. Duk wata gasar hasashe mai kyau tana tambayar mai kowace riga dabam, domin tsere huɗu ne ake yi a titi ɗaya.

Abu na biyu shi ne iska. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga kasuwa lokacin hunturu, iskar gabas na dukan ƙirjinsa, ya san ita ce abokiyar gaba, ba nisan hanya ba. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, wanda ke tsakiyar ayari ma fiye da haka. Daga nan tsarin ƙungiya ya samo asali. Cikin mutum takwas, ɗaya ne ko biyu aka kawo su ci. Sauran 'yan hidima ne. Za ka ga ɗayansu ya ja baya zuwa motar ƙungiya, ya karɓi gorunan ruwa biyar ko shida ya cusa a bayan riga har ya yi doro, ya sake kutsawa cikin mutum ɗari da hamsin ya raba wa 'yan uwansa. In tayar ubangidansa ta fashe, nan take zai sauka ya miƙa masa nasa keken, shi ya tsaya bakin hanya yana jiran mota. Mutum ne mai ƙarfi, wataƙila a ƙasarsu babu kamarsa, amma wanda ya rubuta sunansa a takardar hasashe ya yi asarar gurbi, don ba a kawo shi ya ci ba.

Sai a dubi hanya. Tun watan Oktoba masu shirya tseren ke bayyana taswirar shekara mai zuwa, kowane zango da hoton hawa da gangarensa. In layin a kwance yake, na masu gudun ƙarshe ne, manya-manyan ƙarti masu cinya irin su Jasper Philipsen na Beljiyam da Jonathan Milan na Italiya. In ya yi tsini a tsaunukan Alp ko Pirene, waɗannan ƙartin ba cin zango ke gabansu ba, fatansu su iso kafin a rufe lokaci, domin wanda ya makara fiye da ƙima ana sallamarsa gida. Akwai kuma tseren agogo, inda ake sakin mutum shi kaɗai, babu bayan wanda zai laɓe. A irinsa ne a 2020, ana gobe za a shiga Paris, Tadej Pogacar na Sulobeniya ya shafe tazarar sakan 57 da ɗan ƙasarsu Primoz Roglic ya ba shi, ya ƙwace rigar. Masu hasashe da yawa sun kwana da takaici ran nan.

Zangon da ya fi wuyar canka shi ne na tsaka-tsaki, mai 'yan tuddai, inda wasu tsiraru kan ɓalle tun da farko su yi gaba. Za a kamo su ko ba za a kamo su ba? Wani tsohon mai sharhi a talabijin ɗin Faransa, Robert Chapatte, ya bar wani ƙiyasi da har yau ake aiki da shi: ayari in ya sa kai yakan ci minti ɗaya a kowace kilomita 10. In saura kilomita 30 kuma tazarar minti biyu ce, a shimfiɗaɗɗiyar hanya 'yan ɓalle sun shiga hannu. Ba doka ba ce, amma ta fi a yi ta ihu kawai.

A ganina, wanda ke son cin gasar hasashe kada ya ɓata dare kan wanda zai zo na ɗaya. Daga 2021 zuwa 2025 mutum biyu ne suka riƙe na ɗaya da na biyu kowace shekara: Pogacar da Jonas Vingegaard na Danmak. Vingegaard ya ci 2022 da 2023, Pogacar ya ci sauran ukun. Kowa zai rubuta su, don haka babu wanda zai wuce wani da su. Dubi na uku kuwa: Richard Carapaz a 2021, Geraint Thomas a 2022, Adam Yates a 2023, Remco Evenepoel a 2024, Florian Lipowitz a 2025. Shekara biyar, mutum biyar. A nan ake gane wanda ya bi tseren share fage na watan Yuni ya ga wanda ƙafarsa ke da kyau, da wanda ya kwafi sunan bara kawai.

Ko an yi duk wannan lissafi, akwai abin da ba ya shiga lissafi. A 2025 Philipsen ya ci zangon farko a Lille ya sa rigar ruwan ɗorawa, a zango na uku ya faɗi ya karye ya fita. Evenepoel, wanda mutane da dama suka ba na uku, ya sauka daga keke a Pirene. A 2021 wata 'yar kallo ta miƙo kwali cikin titi don kyamara ta ɗauke ta, ta zubar da mutane birjik a rana ta farko. Shi ya sa mai hankali ba ya cika takardarsa da 'yan ƙungiya ɗaya.

Sai batun son zuciya, wanda mu 'yan Afirka muke da dalilinsa. A ranar 1 ga Yulin 2024, a birnin Turin na Italiya, Biniam Girmay na Eritiriya ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a Tour de France. Ya ƙara biyu, ya tafi da rigar tsanwa. Wanda ya rubuta shi a wannan shekara ya kwashi maki. Wanda ya sake rubuta shi a 2025 don ƙauna bai ga cin zango ko ɗaya ba, rigar ma Milan ya ɗauka. Ba laifi a goyi bayan na gida, amma a san gurbin da za a sa shi: Girmay mai gudun ƙarshe ne, wanda ya ba shi rigar ruwan ɗorawa bai fahimci tseren ba.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ba a kauce mata. Hasashe dabam, caca dabam, amma katangar da ke tsakaninsu gajera ce. Mutanen Nijar sun san rumfunan PMU na hukumar LONANI, inda ake zuba kuɗi kan sukuwar dawakin da ake yi a Faransa. Manhajojin waya kuma sun kawo irin wannan har cikin aljihu, ƙwallo da keke da komai. Da zarar an ce kowa ya ajiye dala ashirin wanda ya ci ya kwashe, an bar wasa an shiga abin da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa shi da giya ta hana. Alamar da za a duba ke nan: in ana neman kuɗin shiga, ko lambar asusun waya, ko an ce "na farko kyauta ne", a ja da baya. In wani ne dabam ya sa kyauta ba tare da an karɓi komai a hannun masu shiga ba, hukuncin ya sha bamban, kuma mai shakka malaminsa na kusa.

Fadar da ke son gwadawa ba ta buƙatar fiye da littafi ɗaya da mutum ɗaya mai amana da waya. A rubuta uku na farko da masu riguna kafin ranar tashi, a sa hannu, kada a bari a canza. Na zangon kullum a karɓa kafin azahar. Maki kuma a yi shi yadda wanda ya canki abu mai wuya zai fi samu: mai cin zangon tuddai ya fi mai cin tseren agogo tsada, na uku ya fi na ɗaya. In an yi kunnen doki, a raba da tambayar da aka ajiye tun farko, wato tazarar minti nawa za ta kasance tsakanin na ɗaya da na biyu.

Ba kuma sai an jira Yuli ba. Italiya na yin nata a watan Mayu, Sifaniya daga ƙarshen Agusta. Ruwanda, wadda ta karɓi gasar duniya a Kigali a Satumban 2025, karo na farko a Afirka, tana da tsere mai tsaunuka a watan Fabrairu. Mafi kusa da mu shi ne Tour du Faso na Burkina, wanda aka fara a 1987, ana yinsa wajen ƙarshen Oktoba, zango kamar goma, a ƙare a Wagadugu. Can babu tsaunin da zai tace mutane. Rana ce, da iska, da ƙura, wani lokaci da jar hanya marar kwalta. Ƙungiyoyin ba su da ƙarfin riƙe ayari kamar na Turai, don haka 'yan ɓalle sukan tsira da tazararsu, kuma wanda ya shiga ɓallewar da ta dace a kwanakin farko yana iya riƙe rigar har Wagadugu.