Totur Mai Fizga: Me Ake Gyarawa Idan An Sake Rubuta Ƙwaƙwalwar Babur?

A shekarar 2013 kamfanin Yamaha ya fito da wani babur mai suna MT-09, wanda aka sayar a Amurka da sunan FZ-09. Injinsa mai silinda uku ne, cc 847, ƙarfinsa ya kai doki 115, nauyinsa kuwa kilo 188 da mai a tanki. Farashinsa bai kai na tsararrakinsa ba, don haka aka yi ta rububinsa. Sai dai ba a jima ba 'yan jaridar da suka gwada shi da mutanen da suka saya suka haɗu a kan kuka ɗaya: totur ɗinsa fizga yake yi. Ka saki totur za ka shiga kwana, ka zo ka ɗan murɗa don ka fita, sai babur ya yi jim na ƙiftawar ido, sannan ya zabura da kai alhali kana karkace. Kamfanin bai taɓa fistin ko bawul ba wajen magance wannan. Lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar injin ya sake rubutawa a samfurin da ya biyo baya, babur ɗin kuwa ya yi laushi a hannu.

Wannan shi ne ainihin aikin da ake kira sake taswirar inji, kuma ina ganin an yi masa mummunar fahimta. Yawancin samari idan suka ji an ce za a taɓa ƙwaƙwalwar babur, gudu ne ke faɗo musu a rai. Alhali babur da ba shi da turbo, wanda ba a canja masa komai ba, abin da zai ƙaru na ƙarfi doki kaɗan ne, da ƙyar mahayi zai ji bambancin. Inda ake cin riba shi ne a ɗan murɗin farko na totur, wurin da mahayi ke shafe mafi yawan lokacinsa: cikin cunkoso, a shatale-tale, a kan hanya mai yashi, ko da mutum a baya.

Ƙwaƙwalwar nan, wadda ake taƙaita sunanta da ECU, ƙaramar kwamfuta ce da ke ƙarƙashin kujera ko bayan tanki. Tun da Kawasaki ya fito da Z1000H a 1980, ɗaya daga cikin baburan kasuwa na farko da nozul ke fesa musu mai maimakon kafireto, ake buƙatar wani abu da zai yanke shawarar yawan man da za a fesa. ECU na karɓar labari daga wurare da dama: yadda aka buɗe totur, saurin juyawar inji, zafin inji, zafin iskar da ke shiga da matsinta, da kuma wata na'ura a cikin salansa mai sansanar ragowar iskar oksijin a hayaƙi. Da waɗannan take duba wani jadawali. A gefe ɗaya an jera saurin juyawar inji, a ɗaya gefen an jera buɗewar totur, a kowane gida na jadawalin kuma akwai lamba: tsawon lokacin da nozul zai buɗe, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Akwai jadawali na biyu mai faɗin lokacin da fulogi zai ba da wuta. A baburan zamani akwai na uku, domin tun da Yamaha ya saka tsarin a R6 na 2006, hannunka ba ya jan wayar totur kai tsaye. Saƙo kake aika wa kwamfuta, ita ce za ta yanke yadda za a buɗe ƙofar iska, da kuma saurin buɗewar.

To me ya sa kamfanin da ke da injiniyoyi ɗaruruwa zai saki babur mai fizga? Ba rashin iyawa ba ne. Kafin a ba shi izinin sayarwa a Turai, dole babur ya hau na'urar gwaji, a bi da shi wani tsararren zagaye na tashi da tsayawa, ana tara hayaƙinsa ana aunawa. Dokar Euro 3 ta 2006 ta yarda da giram 2 na iskar kabon monoksaid a kowace kilomita. Euro 5, wadda ta fara aiki a Janairun 2020, ta rage shi zuwa giram 1, ta kuma matse oksaid ɗin naitirojin daga 0.15 zuwa 0.06. Matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikanmu ke ce wa indomi, ba ta aiki sosai sai an haɗa iska da fetur a ma'auni guda, wato giram 14.7 na iska ga kowane giram na fetur. Injin kuwa ya fi jin daɗi da ɗan ƙarin mai, wajajen 13 ga 1. Wannan ɗan tsakanin shi ne tushen rikicin. Kuma gwajin ya fi shafar ƙananan gudu da ƙaramin totur, daidai inda mahayi ya fi buƙatar laushi.

Akwai wata dabara da ta fi kowacce haddasa fizgar. Idan ka saki totur gaba ɗaya babur yana gangarawa a giya, ECU na yanke mai ɗungurungum, ko ɗigo ba ya shiga. Hakan na rage hayaƙi, yana kuma tattalin fetur. Amma a 'yan daƙiƙun nan bangon bututun da mai ke bi zuwa silinda yana bushewa. Da ka sake murɗa totur, feshin farko wani kasonsa manne wa bango yake yi, bai isa wuta ba. Injin ya yi jim. Feshi na biyu da na uku su iso cikakku, ƙarfi ya dawo lokaci guda, sarƙar da ta saki ta miƙe da ƙarfi, tayar baya ta tunkuɗa. Kamar famfon da aka daɗe da ɗauke wa ruwa ne: ka buɗe, ya yi tari, sannan ya feso maka a jiki. A miƙaƙƙiyar hanya abin haushi ne kawai. A kwana mai ruwa ko tsakuwa, yana iya kai mutum ƙasa.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara da kwamfuta. Zai duba sarƙa ko ta saki fiye da kima, ya duba wasan da ke hannun totur, ya duba fulogi da matatar iska, ya tabbatar ƙofofin iskar silindojin a daidaice suke. Baburan da ake kai wa da ƙorafin fizga, da yawansu a nan ciwonsu yake ƙarewa. Taswira ba ta gyara sarƙar da ta mutu.

In ya tabbata lafiyar ƙarfen ƙalau, sai ya ɗaure babur a kan daino, wata babbar ganga da tayar baya ke juyawa a kai, ya zura na'urar auna hayaƙi a cikin salansa, ya kunna fanka a gaban inji. Abu na farko, ya kwafi ainihin fayil ɗin kamfani ya adana. Daga nan aikin haƙuri ne. Zai riƙe inji a juyi 3,000 a minti, totur a kashi 5 cikin ɗari, ya dubi allo ya ga ma'aunin iska da mai, ya ƙara ko ya rage lambar wannan gida. Ya matsa kashi 10, ya matsa kashi 20, sannan ya koma juyi 3,500 ya sake daga farko. A wasu baburan kowace silinda da jadawalinta. Zai rage tsananin yanke man nan, ko ya sa man ya riƙa dawowa a hankali. Zai kwantar da jadawalin totur yadda murɗin farko zai buɗe ƙofa kaɗan-kaɗan. Wasu sukan sa fankar lagireto ta riƙa tashi da wuri, abin da ke da amfani ga wanda ke tsayawa a danja cikin zafin Afrilu. Ana cikin rubuta sabon fayil ɗin, batir ba ya son wasa: wuta ta ɗauke a tsakiya, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa, sabuwa kuwa ba arha gare ta ba.

Akwai hanyar da ba a taɓa ƙwaƙwalwar kanta. Ana saƙala ƙaramin akwati tsakaninta da nozul, irin Power Commander na kamfanin Dynojet na Amurka ko Rapid Bike na Italiya, ya riƙa tare saƙon yana ƙara masa ko rage masa. Amfaninsa, ranar da ka gaji ka cire. Rauninsa, mai ne ya fi iya taɓawa, ba ya kaiwa ga duk jadawalan da ke ciki.

Abin da na fi jin tsoro shi ne fayil ɗin da ake saukowa da shi daga intanet. An rubuta shi ne a kan babur ɗin wani, mai salansa daban, a ƙasar da fetur ɗinta na yau da kullum oktan 95 ne, a yanayi mai sanyi. Irin waɗannan fayiloli sukan matso da lokacin wutar fulogi gaba don a samu ƙarfi. Idan man bai kai ingancin da aka yi lissafi da shi ba, ko iska ta yi zafi sosai, sai ragowar man ya fashe da kansa kafin wutar ta iske shi. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin inji, in ma ka ji ta a ƙarƙashin hular kwano. Ba kowane babur ke da na'urar jin wannan ƙarar ba balle ya kare kansa, kuma ƙarshenta fistin ne zai ƙone. Duk wanda ya shigo da babban babur daga Turai yana hawa a Kano ko Yamai ya kamata ya riƙe wannan. Ba kullum ake sanin abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu ba, kuma ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo Nijeriya da fetur mai yawan metanol ya lalata injinan mutane. Sararin da kamfani ya bari a jadawalin wuta, saboda irin wannan rana ya bar shi.

Sai batun hayaƙi, wanda masu sha'awar harkar ba su cika son a taso da shi ba. Duk ƙarin man da ya sa totur ya yi laushi, wani abu yana fita ta salansa, mutanen da ke bayanka a titi su ne ke shaƙa. A Agustan 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 a Amurka, bayan hukumar kare muhalli ta ƙasar ta tuhume shi da sayar da na'urorin sake taswira kusan 340,000 masu ƙara gurɓata iska. A Jamus irin wannan canji na iya soke izinin hawa babur a kan titi, a Ingila kuma sai ka sanar da kamfanin inshora. Garantin kamfani ma yakan tafi. A ra'ayina akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya gyara 'yan gidajen jadawali don kada babur ya kayar da shi a kwana, da wanda ya fasa salansa ya zubar da matatar hayaƙi, ya kashe na'urar oksijin, don unguwa ta ji wucewarsa. Na farko ina goyon bayansa. Na biyu cutar da maƙwabta yake yi.

Baburan da suka cika titunanmu, su Boxer da Jincheng da Haojue, akasarinsu har yanzu kafireto gare su, kuma bakanike da sukundireba da kunnensa yake daidaita su. Amma Indiya, inda ake ƙera da yawa daga cikinsu, ta shiga dokar hayaƙi ta BS-VI a Afrilun 2020, abin da ya sa akasarin ƙananan baburanta na cikin gida suka koma nozul da ƙwaƙwalwa. Tambayoyin da mai babban babur ke yi yau za su iso garejin ɗan acaɓa.

Wanda zai kai nasa yanzu, ya gaya wa mai gyara ainihin inda yake jin ciwon: a wace giya, a wane gudu, lokacin sakin totur ko lokacin murɗawa. Ya ce a bar jadawalin wuta yadda yake in ba a da tabbacin mai. Bayan an gama, kada ya gwada a miƙaƙƙen titi yana neman lamba a agogo. Ya nemi fili, ya sa giya ta biyu, ya yi ta zagaye a hankali yana saki yana murɗawa, ya ji ko ƙarfin yana dawowa daidai da hannunsa. Ya lura da yawan man da yake sha a tanki biyu ko uku na gaba, ya ciro fulogi ya dubi launinsa. Sannan ya karɓi ainihin fayil ɗin kamfani a hannunsa kafin ya biya kuɗin aiki.