Me Ya Sa Hayaƙi Ke Kwanciya Da Asuba?

Wani manomi mai sauraronmu daga yankin Funtuwa ya aiko da tambaya. Ya ce in an ƙona ciyawa da rana, hayaƙin sama yake yi ya watse, amma da asuba, musamman lokacin hunturu, sai ya kwanta kan gonaki kamar an shimfiɗa bargo. Yana son a gaya masa dalili.

To malam, tambayarka ta yi ma'ana. Iskar nan da muke shaƙa tana da nata maburgi. In rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kusa da ƙasa takan yi ɗumi ta tashi sama, mai sanyi ta sauko ta maye gurbinta. Wannan hawa da sauka shi ke burga iska kamar yadda uwargida ke burga miyar kuka. Ƙaramar guguwar da kake gani tana murɗa ƙura a fili da tsakar rana, aikin ke nan. Duk hayaƙin da ya shiga ciki, nan da nan sai ya gauraye ya salance.

Da dare kuwa ƙasa takan huce, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa saboda nauyinta, mai ɗumi ta hau kanta ta zama murfi. Burgawa ta tsaya ke nan, abin da aka saki kuma yana nan inda aka bar shi.

Ba zama kawai yake yi ba, har rikiɗa yakan yi, don sinadarai in sun daɗe tare a wuri guda sai su haɗu su haifi wani abu dabam. Haka ta faru a birnin Landan na Ingila a watan Disamba na 1952. Iska ta tsaya cik kwana 5, hayaƙin kwal mai ɗauke da farar wuta ya haɗu da laimar hazo, ya zama asid irin na ruwan batir, mutane suna shaƙa. Ƙidayar farko ta nuna mutum wajen 4,000 sun mutu, daga baya masana suka ce adadin ya kai kimanin 12,000. A 1956 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar hana ƙazantar da iska.

Ga inda abin ya shafe ka. Da yawanmu mun ɗauka in iska ta ɗauke ɗif, lokacin feshin maganin ƙwari ya yi. Ni dai ban yarda ba. A irin wannan lokaci ƙananan ɗigon maganin sukan rataye a iska, su sulale a hankali zuwa gonar maƙwabci, ko rijiya, ko hancinka. Da tsakar rana kuma zafi ya kwashe rabin kuɗinka ya yi sama da shi. Ka jira hantsi ya fara, iska na kaɗawa sannu-sannu ta fuska guda, ka ba ta baya, ka rufe hanci da baki, sannan ka fara feshi.