Sayen Waya Ma Yana Da Lokacinsa

Jama'a fatake, daga Maiurno har Wad Madani ciniki yanzu sai da waya, balle tun yaƙin 2023 da tsabar kuɗi ta yi wuya, aka koma biya ta Bankak. To, mu lura. Apple kan fito da sabuwar iPhone a Satumba, Samsung kuwa farkon shekara. Lokacin na gabatowa, mai kanti ya ƙagu ya rabu da tsofaffin, kamar mu da ragunan da suka yi kwantai bayan Layya. Nan rangwame yake. Amma kada mu riƙe fam muna jira, darajarsa zubewa take yi. A bar bijimi a garke sai ranar saye. Allah Ya ba mu sa'a.