Daren Tagwaye a Wani Asibitin Alƙahira

Ƙarfe biyun dare, amma barandar ɗakin haihuwa cike take. Tsofaffin mata Misirawa sun baje barguna a ƙasa, kowace da fulas ɗin shayinta da carbi. Da an buɗe ƙofa sai kowa ya miƙe. A gefe guda wani ɗalibin Azhar ne, ɗan ƙasarmu, ya taho da matarsa daga Hayyul Ashir, unguwar da baƙi 'yan Afirka suka yi yawa. Tagwaye take ɗauke da su, wata tara bai cika ba, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Abin da aka fara tambayarsa shi ne rukunin jininta, da wanda zai bayar idan an buƙata. Ya buga waya, abokan karatunsa uku suka iso kafin asuba.

A gida muna murna da Hassan da Husaini, har mukan ce suna da baiwa, amma ba mu cika maganar wahalar uwarsu ba. Cikin tagwaye ya fi jawo hawan jini da jijjiga. Wani lokaci na farko ya fito lafiya, na biyu ya juya ya kwanta a gicciye. Bayan an sauka kuma, mahaifar da ta buɗe ƙwarai takan kasa tsukewa, sai jini ya ɓalle, cikin ɗan lokaci mace ta tafi ana tsaka da barka. Shi ya sa da matar ɗalibin ta sauka, ungozomar da ta karɓi haihuwar ba ta ɗaga hannunta daga marar mai jegon ba, tana murzawa, idonta a kan zanen gado, alhali jariran na tsala kuka a bayanta.

Masar ta daɗe da wannan sana'a. Tun 1832, zamanin Muhammadu Ali, aka buɗe makarantar horar da ungozomomi. Binciken ƙasa na 1992 zuwa 1993 ya gano mata 174 ke mutuwa cikin haihuwa dubu ɗari, zubar jini ne kan gaba, kuma bai ɓoye sakacin likitoci ba. Zuwa 2000 adadin ya sauko 84. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya sa Nijeriya sama da dubu ɗaya cikin haihuwa dubu ɗari.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. A 2021 kashi 72 cikin ɗari na haihuwa a Masar da tiyata aka yi. Ga tagwayen da suka gitta, wuƙa rahama ce, amma yanka kusan kowace mace ya wuce kima, kuma tabon yana jiranta a ciki na gaba.

Da gari ya waye aka ƙara wa matar jini leda ɗaya. Wata tsohuwa da ba ta taɓa ganin ɗalibin ba ta miƙa masa shayi tana cewa mabruk. Hassana da Usaina aka samu.

Maigida, in awo ya nuna biyu ne, a asibiti za ta haihu, kuma ka tanadi masu ba da jini tun kafin naƙuda ta tashi.