Ko Ka Sani? Ɗan Ƙwan Fitila Na Iya Hana Babbar Mota Cajin Batir

Ko ka san cewa na'urar da ke samar wa mota wutar lantarki ba ta fara aiki sai an ranta mata wuta? Altaneta ke nan. A yawancin tsofaffin motocin da ke sauke kaya a Babbar Kasuwar Kaduna, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, daga gingimarin Mercedes zuwa akori-kurar Peugeot, wannan rance yana bi ne ta cikin jar fitilar nan mai hoton batir da ke gaban direba. Idan ƙwanta ya ƙone, lafiyayyar altaneta na iya wuni tana juyawa ba ta ba batir komai ba.

Dalili shi ne, abin da ke juyawa a cikin altaneta naɗin wayar tagulla ne, ba ya zama maganaɗisu sai wuta ta ratsa shi. Da zarar direba ya murɗa makulli, 'yar wuta kan taso daga batir, ta ratsa ƙwan, ta shiga ta bakin wayar da kamfanin Bosch ke yi wa alamar D+, ta bi ta burushi ta isa naɗin. Jar fitilar da ke kamawa kafin a tayar da inji shaidar wannan tafiya ce. Inji na tashi, sai altaneta ta soma ciyar da kanta, ƙarfin wuta ya daidaita a ɓangarori biyu na ƙwan, shi kuwa ya mutu. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan: komai kyan rumfa, sai da jari ake fara ciniki. Abin burgewa, jarin nan bai fi na ƙwai mai wat 2 ko 3 ba, amma da shi ake tayar da na'urar da ke ɗaukar nauyin fitilu, oda da batir gaba ɗaya! Hikimar injin da ke ƙarfafa maganaɗisunsa da wutar da shi ya samar tsohuwa ce, domin Werner von Siemens ya aiwatar da ita a Jamus tun 1866, ita kuwa altaneta sai a 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya mayar da ita kayan ƙa'ida a motarsa Valiant.

Wani direba zai ce motarsa ta daɗe ba jar fitila kuma tana caji. Yana iya yin gaskiya. Ƙarfen cikin altaneta kan riƙe ragowar maganaɗisu, don haka idan aka taka totur sosai takan farka da kanta, wasu motocin kuma an yi wa wutar wata hanya a gefen ƙwan. Sai dai motar da ke rarrafe a cunkoson titin Ahmadu Bello, ko ta tsaya inji na aiki a hankali ana lodi, ba lallai ta kai wannan gudun ba, batir na ta zurarewa ba mai gargaɗi. Irin haka kan faru idan an musanya ƙwan da na LED, domin wutar da yake ja ta yi kaɗan ta farkar da naɗin.

Saboda haka bincike ya kamata ya fara daga abu mafi araha. A murɗa makulli: jar fitila ta kama? In ba ta kama ba, a duba ƙwai, fis da wayarsa, sannan burushi. In ta kama, a tayar da inji a sa mita a kan batir. Mota mai volt 12 ya kamata ta nuna kusan 14, mai 24 kuma kusan 28. Idan ya gaza haka, a duba fanbel ko ya saki, da kan batir ko ya yi gishiri, da wayar da ke haɗe da jikin mota. Idan ya zarce, ruwan batir na ƙafewa, ƙwayaye na yawan ƙonewa, to regileta ce ta daina rage wutar da ke shiga naɗin.

Akwai kuma gwajin da ya dace a bari, na cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu. Masu yin sa kan ce iyayen gidansu haka suka yi, amma wancan zamanin dinamo ne. A altaneta, batir ne ke shanye tsallen wuta, kuma cire shi na iya ƙona dayod ko regileta nan take, a lalata abin da aka zo dubawa.

Don haka direba, kafin ka aika yaron mota kasuwar Panteka neman wata altaneta, ka sa mai gyaran wuta ya duba wannan ƙwan tukuna.